In Kai Abokina Ne, Ka Biyo Ni

A wata majalisa da ke tsakanin Luggere da Dubeli, a bakin teburin wani dattijo mai shayi, an yi wasu samari uku da ba a ganin ɗaya sai da sauran. Ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ɗaya tela ne, na ukun kuma ɗan masunta ne daga wajen Geriyo. Ba zan sa musu suna ba. Mai karatu ɗan Jimeta ko Yola yana iya sa musu wanda ya ga ya dace, don na tabbata ya san irinsu.

In mai keken bai zo ba, hira ba ta yin armashi. Kowa ya shanye shayinsa a watse tun kafin ƙarfe tara. Hannunsa a sake yake, abin da ya samo da rana tare ake cinye shi da dare. Ba shi da riƙo, ba shi da tsoro. Ranar da gobara ta tashi a wani gida a layinsu, manya suna tsaye suna salati suna jiran 'yan kwana-kwana, shi ne ya jiƙa bargo ya lulluɓa, ya kutsa cikin hayaƙi ya fito da tsohuwar gidan a kafaɗa. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka labarin mugu nake bayarwa. Gari yana bukatar masu irin zuciyarsa, kuma ni kaina ina ƙaunarsu.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: zama. Minti goma a kan benci sai ka ga ƙafarsa ta fara kaɗawa, idonsa yana kan titi. Can sai ya miƙe ya ce, "Kai, garin nan ya yi sanyi da yawa. Ku tashi mu yi wani abu."

Telan maraya ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyarsa, Dada. Tun suna makarantar allo, in manyan yara suka tare shi suka ƙwace masa ɗan abin da aka ba shi, mai keken ne yake tsaya masa, ya sha duka a madadinsa ya dawo yana dariya. Telan bai taɓa mantawa ba. Ya girma ya kama ɗan shago a wajen babbar kasuwar Jimeta, da keken ɗinki irin na takawa da ƙafa, yana tara kuɗin lefe kaɗan-kaɗan. Mutum ne mai sanyi, mai kunya, wanda kalmar "a'a" take yi wa nauyi a baki, balle a gaban wanda yake ganin ya yi masa rana.

Ɗan masuncin kuwa ba mai yawan magana ba ne. A cikin kwale-kwale ya yi wayo, ya iya jefa birgi tun kafin ya iya rubuta sunansa. Duk majalisar babu wanda ya kai shi iya iyo, kuma babu wanda ya kai shi shakkar ruwa.

Da farko "wani abu" ɗin nan ba shi da laifi. Bayan isha'i su cika keke, su haye gadar Binuwai zuwa Vinikilang, su ci gasasshen kifi su dawo suna waƙa. Bayan 'yan watanni wannan ya daina yi masa daɗi, sai aka koma tsere da wasu masu keken a kan gada. Da tseren ya zama jiki, sai ya ƙirƙiro yinsa da fitila a kashe. Daga nan aka koma hanyar Numan, a yi ta gudu cikin duhu har Ngurore, ana gogayya da manyan motoci. Abin nasa kamar harshen da ya saba da barkono ne: wanda ya sa shi hawaye bara, bana ko jinsa ba ya yi, sai an ƙara.

Daren da aka fara kashe fitila, ɗan masuncin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mutumina, tsaya ka sauke ni." Aka sauke shi a bakin gada ya taka da ƙafa har gida. Washegari majalisa ta samu abin dariya. Aka yi ta ce masa tsoho, matsoraci, wai wanda ba ya tsoron dorina yana tsoron titi. Bai tanka ba. Ba a yi faɗa ba, ba a yi gaba ba, amma a hankali aka daina kiransa in za a fita. Haka mai keken ya riƙa tace abokansa ba tare da ya lura ba: wanda ya ce "to" ya matso kusa, wanda ya ce "bari" ya koma ƙarshen benci.

Gurbin da aka samu bai daɗe a buɗe ba. Wasu yara suka fara raɓarsa, irin waɗanda Jimeta take kira 'yan shila, masu fizge waya da jaka su tsere, sau da yawa a cikin keke. Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri tun hawansa mulki a watan Mayun 2019 yake gargaɗinsu, ana kamawa ana kai su kotu, kuma kowane mai keke a garin ya san abin da ke jiran wanda aka samu yana ɗaukarsu. Duk da haka wani dare ya ɗauke su, suka fizge wa wata mata jaka. Ko sisi bai karɓa ba. Da telan ya tsare shi da tambaya, sai ya ce, "Wallahi ba kuɗi nake nema ba. So nake kawai in ji yadda abin yake in ana bin ka a guje."

Kwana biyu 'yan banga suka zo da tambaya, don an ga keke mai kama da nasa. Telan ya tsaya a gabansu ya ce ai daren nan a shagonsa mutumin ya kwana, suna aikin wasu kaya na gaggawa. Saboda an san shi da gaskiya, aka yarda aka tafi. Ya yi mako bai runtsa da kyau ba. Yana tunanin matar da aka fizge wa jaka, yana tunanin rantsuwar da ya yi. Mai keken kuwa rungume shi ya yi yana dariya, ya ce, "Kai ne nawa. Duk duniya kai ne nawa." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ko sau ɗaya bai tambayi abin da wannan ƙaryar ta ci wa abokinsa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a ta mai keken. Wani Ba'amurke, Marvin Zuckerman, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Delaware, ya fitar da ma'auninta a 1964, daga baya ya rarraba ta gida huɗu: son kasada, son ɗanɗana sabon abu, sakin linzami, da saurin gundura. Mutane kan ga ukun farko su yi ta magana a kansu. A ganina na huɗun ne yake cin abota, domin yawancin abin da aboki yake bukata a wurin aboki abu ne marar armashi: rakiya, jira, sauraro, zaman makoki, zaman jinya. A 2005 kuma Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban tsararrakinsu. Matasa sun fi yin ganganci nesa ba kusa ba in abokai suna kallo, manya kuwa kallon bai canja musu tuƙi sosai ba.

Dattijon mai shayi bai san da waɗannan ba, amma ya riga ya gano haka daga bayan tukunyarsa. Wani dare da aka gama ba da labarin tseren jiya ana tafi ana shewa, ya ajiye ludayi ya ce, "Ku ji nan, 'ya'yana. Yaron nan ya sha kai iyalina asibiti, tuƙinsa lafiya lau, ko rami ba ya faɗawa. In shi kaɗai ne mutum ne mai hankali. Ku ne kuke haukata shi." Suka ce, "Haba Bappa, mu me muka yi? Kallo kawai muke yi." Ya ce, "Shi nake nufi."

Wanda ya san Binuwai da rani kaɗai bai san shi ba. Da rani yakan janye ya bar tudun yashi, masu tifa suna ɗiba, masu lambu suna shuka a gefe. Daga Agusta kuwa ya cika ya batse, ruwan ya yi ja, yana tafe da itatuwa da ciyayi da duk abin da ya tsinto tun daga Kamaru. In aka haɗa da ruwan madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982 can gaba da Garwa, sai abin ya wuce misali. Mutanen Adamawa ba su manta da ambaliyar 2012 ba. A Satumban 2022 aka sake sakin ruwan, ya shanye gonaki da gidaje a garuruwan bakin kogi tun daga Fufore har Demsa da Numan da Lamurde. Da yamma mutanen Jimeta sukan fito su tsaya a kan gada da gefenta suna kallon ikon Allah.

A lokacin ne wata la'asar majalisar ta tashi gaba ɗaya ta tafi kallon ruwa. Telan ma aka biya aka ɗauke shi, ya bar rigar wani a kan keke bai gama kafa hannu ba. Suna tsaye a bakin gaɓa, mai keken ya ƙura wa ƙafar gadar ido, inda ruwa yake bugawa yana kumfa. Ya ce, "Wa ya ce ba za a iya zagaya waccan da kwale-kwale a dawo ba?" Kafin ya rufe baki wayoyi uku sun tashi sama.

Akwai kwale-kwale a ɗaure a wurin, na kawun ɗan masuncin ne. Ɗan masuncin ya sha gabansa ya ce, "Babana tun kafin a haife mu yake cikin ruwan nan, yau bai fita ba. Abin da kake gani a sama ba shi ne ruwan ba. A gindin ƙafar nan juyawa yake yi, kuma akwai kututture a ƙarƙashi. Don Allah ka bari." Wani daga baya ya ce, "Tsoho ya fara wa'azi." Aka kwashe da dariya.

Mai keken ya kwance igiya ya ɗauki filafili. Amma yana bukatar mutum a gaba, wanda zai daidaita nauyi ya riƙa kwarfe ruwa. Masu wayoyin babu wanda ya motsa. Sai ya juya ga telan.

"Ka san ban iya ruwa ba," in ji telan, murya ƙasa-ƙasa.

"Ina tare da kai, me zai same ka? Yaushe na taɓa barin wani abu ya same ka? In kai abokina ne, ka biyo ni."

Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mai faɗinta yana ganin ƙauna yake nunawa. Amma duba abin da ta ƙunsa. Ta ɗauko duk alherin da aka yi tun yarinta ta mai da shi bashi, ta ce a biya yanzu, a gaban jama'a, ba tare da an ba mutum damar shawara da zuciyarsa ba. Telan ya dubi ruwa, ya dubi wayoyin da ke kallonsa, ya tuna dukan da aka sha dominsa a makarantar allo. Ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ba su kai ƙafar gadar da kyau ba wani kututture ya daki gefen kwale-kwalen, ruwa ya juya shi ya maka shi da kankare. Ƙafar telan ta shiga tsakani. Mai keken ya nutse ya taso, ya waiga ya ƙwala kira, ruwa ya ja shi, ya bi shi a karkace har ya kama gaɓa can ƙasa. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma ya fidda nasa. Ɗan masuncin, wanda tun kafin su kife ya ruga wurin wasu manyan masunta biyu, shi ne ya yanko ta ƙasa da wani jirgin, suka tsamo telan yana maƙale da reshe, ya sha ruwa har ya fara sakin hannu. A bakin gaɓa ana ta salati, amma wayoyin ba su sauka ba.

Ƙafar ta karye wuri biyu a ƙasan gwiwa. Ranar farko a asibiti babu wanda ya kai mai keken kuka. Ya sayar da wayarsa ya biya kuɗin hoton ƙashi, ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ya kwana a tsaye. Duk abin da ake yi da gudu, ya yi shi. Rana ta biyu ya zo, ta uku ma ya zo.

Sai jinya ta zauna da gindinta. Jinya kuwa ita ce a juya mutum, a kawo fo a fitar, a yi fifita in an ɗauke wuta, a bi layin magani, a jira likita, a saurari ƙorafin da aka saurara jiya. Yau kamar jiya, gobe kamar yau. Mai keken yakan shigo da fara'arsa, ya zauna a bakin gado minti biyar, ƙafarsa ta fara kaɗawa, ya ce, "Bari in je in dawo." Daga kullum ya koma bayan kwana uku, daga nan mako-mako. Da aka sallamo su aka koma wurin mai ɗori, sai aka yi wata guda ba a gan shi ba.

Wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon shi ne wanda aka mayar ƙarshen benci. Da asuba ya tafi kamun kifi, da hantsi ya dawo da romon tarwaɗa a kwano. Shi ya riƙa goya telan zuwa bayan gida. Shi kuma ya riƙa biyan kawunsa kuɗin kwale-kwalen da ya farfashe, kaɗan-kaɗan, don a gabansa aka kwance igiyar, kuma kunya ba ta bar shi ya je ya tambayi mai keken ba.

Wata rana mai keken ya ɓullo da ledar lemo da ayaba. Ya gaisa a tsaye. Dada ta dube shi ta ce, "Ɗana, zauna."

"Dada, fasinja na jirana a waje."

"Ranar da ka ce ya biyo ka, ɗinkin mutane ya bari ya bi ka. Yau shi ma yana so ka zauna."

Ya zauna. Ya zauna har aka kira azahar, kansa a sunkuye, bai iya haɗa ido da kowa ba. Da ya fita bai sake komawa gidan ba. Ba ƙiyayya ce ta hana shi ba. Kunya ce ta haɗu da abin da dama ya gagare shi, kuma babu wanda ya taɓa koya masa cewa ana iya daurewa a zauna ko da rai ba ya so.

Azumin 2023 ya kama a watan Maris. Kowa ya san watan nan ne kakar tela, a cikinsa ake samun abin da za a ci rabin shekara. Keken ɗinkin yana lulluɓe da zane, masu yadi suka zo suka karɓi kayansu suka kai wani wuri. Kuɗin lefe ya tafi a magani, kuɗin shago ya taru har mai shago ya karɓi makullinsa, iyayen yarinyar da yake nema suka ce ba za su iya jira ba. Yanzu yana ɗingishi, yana ɗinki a zauren gidansu da ɗan injin da aka ɗaura wa keken, in an kawo wuta.

Bidiyon kuwa ya zaga gari. Ya bi WhatsApp, ya hau TikTok, har kiɗa aka sa masa. A majalisa labarin ya zama "ranar da mutumin ya kara da Binuwai", kuma in ana bayarwa da ƙyar ake ambaton telan. Da dattijon mai shayi ya zagaya da faranti don taimakon jinya, abin da aka tara bai sayi maganin mako guda ba. Waɗannan su ne suka fi ba ni haushi a labarin nan, fiye da mai keken. Shi aƙalla ya sa ransa a cikin jirgin. Su kuwa sun sha daɗin kasadar daga kan tudu, da jikin wani, da ƙafar wani, suka koma gida da tufafinsu a bushe, kuma har yau kowannensu yana cewa shi bai ce kowa ya shiga ruwa ba.

A Satumban 2023 kwale-kwale ya kife a tafkin Njuwa, kusa da Yola, da mutanen da suka fito neman abincinsu, aka rasa rayuka. Daren da labarin ya iso majalisa, ana cikin jimami, wani ya zaro waya ya ce wannan ya tuna masa da nasu, ya kunna tsohon bidiyon. Dattijon ya miƙa hannu ya karɓi wayar ya kife ta a kan tebur. Ya ce, "Waɗancan dole ce ta sa su shiga ruwa, Allah Ya jiƙansu. Ku kuwa abokinku kuka tura don ku sami abin kallo. Ka goge shi, ko ka nemi wani wurin shan shayi." Yaron ya goge, amma kwafinsa yana wayoyi da yawa.

Mai keken yana nan. Har yanzu hannunsa a sake yake, har yanzu in gobara ta tashi shi za a fara gani. Abokan yarintarsa biyu ba sa tare da shi. In sun haɗu a hanya a gaisa a wuce. Amma kujerar gefensa ba ta zauna babu kowa ba. Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida da yake maƙale da shi yanzu, yana ce masa Hamma, yana wanke masa keke, yana kallonsa yadda telan yake kallonsa a da. Majalisa ta riga ta fara yi wa yaron kirari da jarumi.

Yaron nan yana da yayye da kawunnai a garin nan, kuma wasunsu suna karanta wannan. Ku je ku sauko da shi daga keken nan tun kafin ruwan bana ya cika. Shi kuma mai keken, in akwai wanda yake ƙaunarsa tsakani da Allah, ya ajiye waya, ya daina tafa masa, ya kama hannunsa ya raka shi zauren telan, su zauna tare har la'asar.